A Kama Madugu, Ayari Ya Biyo

A Dosara, tun muna yara, ban taɓa ganin an sayi dara ba. Dattawa biyu za su zauna gindin bishiya bayan la'asar, ɗaya ya tona gurabe talatin a ƙasa, layi biyar kowanne gurbi shida, wannan ya tsinto tsakuwa goma sha biyu, wancan ya kakkarya kara goma sha biyu, shi ke nan wasa ya kankama. 'Yan kallo kan fi 'yan wasa zaƙewa. Da dare kuma sai gatana a tsakar gida, gwaggo tana jan labarin Gizo muna katse ta da tambaya, ita ma ba a biyan ko anini. Shi ya sa ranar da na gane akwai mutanen da suka haɗa dara da gatana wuri guda, suka zuba su cikin littafi, suka ci abinci da littafin nan fiye da shekara hamsin, sai abin ya tsaya mini a rai. Na daɗe ina bin diddigin yadda suka yi, kuma har yau hikimar tana burge ni.

Ga yadda wasan yake. Mutum biyar ko shida ne za su kewaye tebur, ko tabarma in a nan ne. Ɗaya daga cikinsu shi ke riƙe da labari, shi ya san gari da daji da abin da ke ɓoye a bayan kowace ƙofa. Ni madugu nake kiransa, don aikinsa ke nan. Sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi: wannan maharbi, wannan mai magani, wancan ɗan leƙen asiri. Madugu zai ce, kun iso bakin kogi ga ruwa ya kawo, ga ƙurar mahaya a bayanku, me za ku yi? Kowa ya faɗi dabararsa. In abin da mutum ya ce zai yi mai yiwuwa ne ya yi nasara ko ya faɗi, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, lambar da ta fito ta yanke hukunci. Ba a zuba kuɗi, ba wanda ke cinye wani, saboda haka ba caca ba ce. Littafin da kamfani ke bugawa shi ne ke ɗauke da ƙa'idojin: lamba nawa ake nema kafin a haye kogi, wane irin rauni takobi ke yi, yaya maharbi ke ƙara ƙwarewa daga wannan zama zuwa na gaba.

To duk wanda ya taɓa zaman rumfa zai hango matsalar nan take. Mai gishiri ya san gishirin zai ƙare a dawo masa. Mai sayar da wannan littafi kuwa ya sayar da abin da ba ya ƙarewa. Kwafi ɗaya ya ishi mutum shida, kuma zai ishe su shekara goma, domin labarin daga kansu yake fitowa. Ciniki ɗaya, an sallami unguwa guda. Gwanintar masu wannan sana'a duk tana cikin yadda suka mai da wannan rauni ya zama jarinsu.

Rabin amsar mun san ta a ƙasar Hausa tun kafin mu ji sunan wasan. Ina tuna ranakun Talata da yayata kan aike ni kasuwar Talata Mafara in sayo mata littafi. Mai littattafan ya baje su a kan buhu, ƙanana, masu siririn bango, hoton budurwa ko na jarumi da takobi a gaba. In kawo mata, kafin sati ya zagayo littafin ya shiga gida bakwai, waɗanda ba su iya boko ba a karanta musu suna tsinkar zogale. Ranar Talata ta gaba in koma in ce, "Baba, akwai na biyun?" Ya ce, "Ɗana, ai tun hantsi ya ƙare, sai wani satin." A lokacin ban san cewa abin da nake gani tsari ne da wasu suka zauna suka yi tunaninsa a Kano ba.

Kafin shekarun 1980, mai son ya ga littafinsa a kasuwa sai ya bi ta Zariya, wajen kamfanin NNPC, ya jira a duba a zaɓa. Da tattalin arziki ya karye, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ya karya darajar naira ya tsauwala kuɗin takarda, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta. Sai matasa suka ɗauki rubutunsu suka kai wa ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, ba don yabo ba, amma ni kalmar kasuwar nan ce ta fi jan hankalina, don a nan gwanintarsu ta fi fitowa. Sun raba labari kashi biyu ko uku, kowane kashi a farashin da matar aure za ta iya cirewa daga cinikin ƙuli-ƙuli. Kuɗin na ɗaya shi ke buga na biyu. A yanke labarin daidai inda zuciya ta rataya. Sun san sarai littafi ɗaya mutum goma za su karanta, ba su kuma yi faɗa da hakan ba, domin goman nan su ne za su matsa wa mai saye lamba ta nemo na biyu. 'Yan ƙungiyar marubuta ta Raina Kama har jerin littattafan junansu suke bugawa a cikin kowane littafi, wato kowane kwafi da ya fita talla yake yi wa sauran.

A Amurka, a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin, an bi kusan wannan hanyar. A watan Janairun 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons, bayan manyan kamfanonin wasanni sun ƙi karɓarsa. Kamfanin da Gygax ya kafa da abokinsa Don Kaye, wanda daga baya aka sani da TSR, kwafi dubu ɗaya kawai ya iya bugawa: ƙananan littattafai uku a cikin kwali, dala goma, da hannu ake haɗa su a gida. Sai da aka kusa shekara kafin dubun nan ta ƙare. Amma duk kwalin da ya fita yana faɗawa hannun wani wanda zai tara abokansa, a cikin abokan kuma wani zai ji shi ma yana so ya zama madugu, ya je ya sayi nasa ya tara wasu. Haka abin ya yaɗu a jami'o'i ba tare da wani tallan kirki ba.

Daga nan suka fahimci abin da ya zama ginshiƙin sana'ar har yau: a cikin mutum shida da ke zaune, mutum ɗaya ne abokin ciniki na gaske. 'Yan wasa na iya zuwa hannu rabbana. Madugu kuwa kullum yana cikin buƙata, domin ranar zama na zagayowa kuma dole ya zo da sabon abu. Yana son sababbin dodanni, sabuwar taswira, sabon gari da sarkinsa da munafukan fadarsa. Saboda haka aka shiga yi masa hidima. A 1975 aka fito da ƙarin littattafai biyu, Greyhawk da Blackmoor. A 1976 aka kafa mujallar Dragon. Tsakanin 1977 da 1979 aka raba wasan zuwa manyan littattafai uku masu kaurin bango: na halittu, na 'yan wasa, da na madugu. Rabon nan akwai lissafi a cikinsa. Littafin 'yan wasa shi ne mai yawan masu saye, shi ne uwar riba. Sauran biyun da ɗimbin shiryayyun labaran da ake bugawa, aikinsu su hana madugu gajiya. In madugu ya gaji, ayari ya watse, mutum shida sun fita daga kasuwa a dare ɗaya. A gefe guda kuma aka yi ƙaramin kwali mai araha na masu koyo, tun daga 1977, wanda ake ajiyewa a kantunan kayan wasan yara, don a riƙa haifar da sababbin madugai.

Abin da ya fi koya mini darasi shi ne yadda kamfanin da ya gano wannan sirri ya zo ya manta da shi. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar na 1990, TSR ta riƙa ƙirƙiro duniyoyi daban-daban a cikin wasa ɗaya: Forgotten Realms, Ravenloft, Dark Sun, Planescape, har da Al-Qadim mai ƙamshin Dare Dubu Da Ɗaya. Kowacce kyakkyawa ce, masu sha'awa na yabon su har gobe. Sai dai madugun da ya zauna a duniya ɗaya ba ya sayen littafin wata duniyar. Kuɗin rubutu da zane da bugu na kowane littafi yana nan yadda yake, masu sayensa kuwa an kasa su gida biyar ko shida. Kamfanin ya zama kishiyar kansa. Abin da ya rufe musu ido shi ne yarjejeniyarsu da babban mai rarraba littattafai, Random House, wanda ke ba su kuɗi da zarar kaya sun isa rumbunsa, ba sai an sayar ba. Ashe bashi ne. Suka yi ta bugawa suna turawa don kuɗi su shigo, har 1996 da aka dawo musu da tulin kayan da ba su shiga ba. Suka kasa biyan maɗaba'a, maɗaba'a ta tsayar da aiki. Duk marubucin Kano da ya taɓa zuba wa ɗan kasuwa littattafai bashi, ya yi ta sintiri a Sabon Gari yana jiran a ce an sayar, ya san ɗacin wannan labari ta ɗaya fuskar. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya yi arziki da wasan kati na Magic: The Gathering, ya saye TSR. Bayan shekara biyu shi ma Wizards ɗin, kamfanin Hasbro ya saye shi a kan kimanin dala miliyan 325.

Sababbin mamallakan wasan suka yi abin da a ido kamar wauta ne. A shekarar 2000, bisa shawarar wani jami'insu mai suna Ryan Dancey, suka fitar da lasisi da ya ba kowa izinin ɗaukar ƙashin bayan ƙa'idojin wasan ya rubuta nasa littafin ya sayar, ba tare da ya biya su ko sisi ba. Hujjar Dancey ita ce darajar wasa tana cikin yawan mutanen da suka iya shi. Dara ma abin da ya raya ta ke nan: ka je Bakura ko Maradun ko Maraɗi, za ka sami abokin karawa ba sai ka koya wa kowa ba. Shiryayyun labarai ribarsu kaɗan ce, wahalarsu da yawa, to a bar wa ƙananan kamfanoni su yi ta bugawa. Duk wanda ya sayi irin wannan labari dole ya nemi babban littafin ƙa'idoji, shi kuwa wuri ɗaya ake buga shi. Suka ba da gefen gona aro, suka riƙe rijiyar da kowa zai sha.

An gwada wannan hujja sau biyu, ta kuma tsaya. A 2008 kamfanin Wizards ya fito da sabon zubi na wasan da lasisi mai tsauri. Wani ƙaramin kamfani, Paizo, ƙarƙashin Lisa Stevens, wanda a da shi ke buga musu mujallunsu kafin a karɓe a 2007, ya ɗauki tsofaffin ƙa'idojin da aka riga aka saki, ya gyara su, ya fito da Pathfinder a 2009. Dabarar Paizo a lokacin kuwa da marubutanmu sun gani da sun gane 'yar gida ce: dogon labari guda a raba shi littafi shida, kowane wata ɗaya ya fito, masu saye su yi rajista a riƙa aiko musu. Kamfani ya san adadin da zai buga tun kafin ya je maɗaba'a, madugu kuma ya san ba zai wayi gari hannu wofi ba. Aka yi 'yan shekaru Pathfinder na gaban uban gidansa a kantunan wasanni. Sai a 2014 Dungeons & Dragons ya farfaɗo, da zubi na biyar: ƙa'idojin farko kyauta a intanet, kwalin masu koyo a kan dala ashirin, littattafai 'yan kaɗan a shekara maimakon ambaliyar da ta kashe TSR. Karo na biyu shi ne Janairun 2023, da labari ya fita cewa kamfanin na shirin soke tsohon lasisin. Madugai suka yi ca, da yawa suka janye rajistarsu ta dandalin kamfanin na intanet, wato D&D Beyond, kafin wata ya ƙare kamfanin ya janye, har ya saki ƙa'idojin a ƙarƙashin lasisin da ba zai iya sokewa ba.

Sauran dabarun zamani ba sai na daɗe a kansu ba, don duk muna da irinsu. Tun 2015 wasu masu aron murya a finafinai ke yin wasan a gaban kyamara a shirin Critical Role, dubban mutane na kallo suna koyo, kamar yadda karanta littafi a gidan rediyo ke sa a nemi littafin a kasuwa. Ƙananan kamfanoni kuma yanzu kuɗin bugu suke tarawa daga masu saye tun kafin a buga. A 2021 kamfanin Magpie Games ya tara sama da dala miliyan 9 a Kickstarter don wasa guda, Avatar Legends. Marubutanmu mata na WhatsApp da ke sakin shafukan farko kyauta, sannan su ce mai son ci gaba ya biya a sa shi a rukuni, ba wanda ya koya musu wannan, kasuwa ce ta koya musu.

Akwai kuma gwanintar sanin mutanen da kake zaune cikinsu. A shekarun 1980 wasu ƙungiyoyin Kirista a Amurka sun taso wa wasan, suna zarginsa da koya wa yara tsafi. Da TSR ta sake zubin wasan a 1989 sai ta cire sunayen shaiɗanu daga littattafanta. Marubutan Kano sun ga irin wannan rana a 2007, lokacin da aka ƙona littattafai a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Ina ganin duk mai son kawo wannan sana'a ƙasar Hausa, nan ne zai fara zuba hankalinsa, kuma ba ya buƙatar aron dodannin Turawa. Ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja neman goro, da jakuna da kuɗin fito da 'yan fashi da yaren da ba a ji, ya ishi shekara guda ana zama. Ga zamanin Birnin Zamfara da Alƙalawa. Ga masu karatun littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda tuni suka saba bin jarumi daga littafi zuwa littafi.

A Nijeriya wanda ya fi kusa da wannan hanya shi ne Kenechukwu Ogbuagu, mai kamfanin NIBCARD Games a Abuja. Wasanninsa galibi na allo ne da na kati, amma tunanin iri ɗaya ne. Ya tarar babu kasuwa, sai ya fara da tara masu wasa: taron wasannin tebur na Afirka da yake shiryawa tun 2016, da wurin zama inda mutum zai shiga a koya masa wasa kafin a ce masa ya saya, da horar da matasa su ƙirƙiro nasu a buga a gida. A 2021 kamfanin ya karɓi kyautar Diana Jones, wadda ke cikin mafi daraja a wannan fage a duniya. A shekarar nan ce kuma, cikin Satumba, aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, muka yi makonni waya ta zama fitila kawai. Na yi ta tunani a lokacin cewa littafi guda da mutum biyar a zaure ba su jiran sabis.

Ko ƙwayar jefawa sai an yi mata lissafi. Dungeons & Dragons na amfani da ƙwayoyi masu fuska huɗu, shida, takwas, goma, goma sha biyu da ashirin, kuma a ƙarshen shekarun 1970 sun yi wa TSR ƙaranci har ta riƙa sa 'yan guntayen kwali masu lamba a madadinsu. A 2010 Vincent Baker da Meguey Baker suka fito da Apocalypse World, wanda ƙwaya biyu masu fuska shida kawai yake buƙata, kuma a kan tsarinsa aka gina Avatar Legends ɗin nan mai dala miliyan 9. Mai fuska shida ita ce ta lido, wadda ke cikin kowane kwalin lido a kasuwar Talata Mafara. Wanda zai rubuta mana namu, a kanta ya kamata ya gina ƙa'idojinsa, ya yi littafin madugu siriri yadda zai shiga aljihun riga, ya kuma tanadi na biyu kafin ya kai na ɗaya kasuwa.